ƊAKIN GWAJI: Kada ku jefar da batir kafin ku auna shi

Ɗakin Gwaji fili ne da muke ajiye alli mu ɗauki waya da mita. A baya mun koyi karanta launukan jikin rizisto, mun kuma koyi riƙe mitar gwaji. Yau za mu haɗa waɗannan darussa biyu mu gina abin da zai amfani gida: ƙaramar cajar batir, tare da hanyar auna lafiyarsa.

Dalilinmu a fili yake. Yawancinmu da fitilar caji muke karatun dare, da ƙaramin rediyo ake jin labarai a gida. Sau nawa aka sayi sabon batir, bai yi wata uku ba ya daina riƙe wuta, aka yi tsaki aka wurga shi a bola? Da yawa daga cikin waɗannan batura ba tsufa ne ya kashe su ba. Mugun caji ne. Wasu kuma tun daga shago ƙarya aka rubuta a jikinsu. Mai mita a hannu yana iya rarrabe waɗannan abubuwa, ya tsare kuɗin iyayensa.

Darasi daga unguwannin masana'antu

Waɗanda ke zaune kusa da Bompai a ƙaramar hukumar Nassarawa, ko Sharaɗa, ko Challawa ta wajen Panshekara a Kumbotso, sun san ƙugin manyan janaretoci da ke tashi da zarar an ɗauke wuta. A waɗannan unguwanni ne ake jimar fata, ake narka roba, ake sarrafa abinci da abin sha. Ƙarancin wuta na cikin manyan dalilan da suka sa aka rufe masana'antu da dama a Kano. Waɗanda suka rage kuma suna fama da tsada: a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit.

To ina ruwan batir da wannan? Janaretan da ya kai girman ɗaki, batir ne yake tayar da shi, kamar yadda yake tayar da mota. Idan batirin ya yi sanyi, injin ba zai motsa ba, robar da ke cikin na'ura za ta daskare, ma'aikata su zauna jugum, kayan kwastoma su makara. Kwamfutocin ofis ma batir ne yake riƙe su a 'yan mintocin da ke tsakanin ɗauke wutar KEDCO da tashin janareta. Shi ya sa ma'aikacin lantarki da ya san aikinsa ba ya jiran batir ya ba shi kunya. Yana auna shi a kai a kai, yana rubuta abin da ya gani a littafi. Wanda babansa ko yayansa ke aiki a can, ya tambaye shi ya ji. Wannan ɗabi'a ta aunawa da rubutawa ita muke so mu kawo teburinmu, da batura ƙanana waɗanda ba su da haɗari.

Batir kamar tankin ruwa ne

Ku ɗauki batir a matsayin tankin ruwa a kan gini. Tsayin da aka ɗora tankin shi ne ke ba ruwan ƙarfin turowa. A lantarki wannan ƙarfi shi ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke bi ta bututu a kowane lokaci shi ne amfiya, kuma amfiya ɗaya miliamfiya 1000 ce. Girman tankin kansa shi ne lambar da kuke gani a jikin batir da haruffan mAh. Batirin da aka rubuta wa 2000 mAh yana cewa zai iya ba da miliamfiya 200 har tsawon awa 10, ko 500 har awa 4.

Batura masu caji da ke hannunmu iri uku ne, kowanne da halinsa.

Na farko shi ne na dalma da ruwan batir, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a Faransa a 1859. Shi ne a mota, da janareta, da inbata, da kuma cikin tsofaffin fitilun caji. Kowane ɗaki a cikinsa bolt 2 ne, shi ya sa ake samunsa a bolt 4, ko 6, ko 12.

Na biyu shi ne dangin nikel. Waldemar Jungner na ƙasar Siwidin ya fito da mai alamar NiCd a 1899, daga baya aka samu ƙaninsa mai alamar NiMH. Su ne 'yan ƙananan nan masu girman AA da AAA, kowanne bolt 1.2.

Na uku shi ne litiyam, wanda ke cikin wayoyinmu da kwamfutar tafi-da-gidanka. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa.

Cajarmu ta yau ta dangin nikel ce kaɗai. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Kayan da za mu tanada

Masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Sabon Gari suna da kusan duk abin da muke buƙata. Wasu ma za ku iya ciro su daga mataccen rediyo.

1. LM317 guda ɗaya, baƙin abu mai ƙafa uku da ƙarfe a bayansa.
2. Rizisto mai om 6.8, wat 1.
3. Rizisto mai om 2.2, wat 2.
4. Rizisto mai om 1000, da ƙaramin ƙwan LED.
5. Dayod mai lamba 1N4007.
6. Fiyus mai amfiya 1 da gidansa.
7. Gidan batir mai cin AA huɗu, da wani mai cin ɗaya.
8. Ɗan farantin alminiyam da kusa mai juyi, don shan zafi.
9. Adafta mai ba da bolt 12 na DC, irin na dikoda.
10. Allon gwaji mai ramuka, da waya ja da baƙa, da mitar gwaji.

Ku lura babu taransifoma a jerin nan. Da gangan muka bar shi. Wutar bango a Najeriya bolt 230 ce, tana kisa. Adafta a rufe yake, shi zai sauko mana da ita zuwa bolt 12, mu kuma aikinmu duka a wannan ɓangaren yake. Kada kowa ya buɗe adafta.

Lissafin da ke riƙe da komai

Batirin nikel ba ya son a ɗura masa wuta da ƙarfi ba tare da ƙididdiga ba. Hanya mafi aminci ga mai koyo ita ce a ba shi kashi ɗaya cikin goma na lambar da ke jikinsa. Mai 2000 mAh ke nan zai sha kusan miliamfiya 200.

A nan LM317 yake nuna gwanintarsa. Halinsa shi ne kullum yana ƙoƙarin ajiye bolt 1.25 tsakanin ƙafarsa ta fita da ƙafarsa ta saiti. Idan muka saka rizisto a tsakanin ƙafafun biyu, dokar Ohm da kuka yi a ajin fiziks ta shigo: amfiya ita ce bolt a raba da om. Wato 1.25 a raba da 6.8, ya ba mu amfiya 0.184, ko miliamfiya 184. Ko batir ɗaya muka saka ko huɗu, ko a cike suke ko a ƙarare, wannan adadi ne zai riƙa shiga. Kamar famfo ne da aka ɗaure shi a wuri guda.

Awa nawa za a yi? Ba duk wutar da ta shiga batir ce take zama ba, wata zafi take komawa. Saboda haka ake ninka lissafin da 1.4. Ku raba 2000 da 184, ku ninka da 1.4, za ku samu kusan awa 15. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ake haɗawa

Ku riƙe LM317 rubutunsa yana kallonku, ƙafafunsa suna ƙasa. Ta hagu ita ce ƙafar saiti, ta tsakiya ta fita, ta dama ta shiga. Ku fara ɗaure masa farantin alminiyam a baya. Ƙarfen bayansa a haɗe yake da ƙafar tsakiya, don haka kada farantin ya taɓa wata waya.

Jar wayar adafta, wato bakin (+), ta bi ta fiyus ta isa ƙafar dama. Riziston om 6.8 ya zauna tsakanin ƙafar tsakiya da ta hagu. Daga ƙafar hagu ku fito da dayod, zoben da ke jikinsa yana fuskantar batir, sannan ya shiga jar wayar gidan batir. Baƙar wayar gidan batir ta koma baƙar wayar adafta, wato bakin (−). A ƙarshe ku jera LED da riziston om 1000 tsakanin bayan fiyus da baƙar waya, doguwar ƙafar LED tana ɓangaren ja.

Kada ku raina dayod ɗin nan. Ƙofa ce mai buɗewa gefe guda. Idan aka ɗauke wuta da tsakar dare, ita za ta hana batura su mayar da abin da suka sha. LED kuwa yana nuna akwai wuta ne kawai, ba ya nuna batir ya cika.

Kafin ku saka batir, ku kai wa malamin fiziks ko mai kula da kulob ɗin JETS ya duba. Sannan ku juya mita zuwa ma'aunin amfiya 10, ku taɓa bakunanta biyu a wayoyin gidan batir na daƙiƙa biyu ko uku. Ya kamata ku ga abin da ke tsakanin 0.17 da 0.20. Wannan gwaji ya halatta ne a kan cajarmu kaɗai, don ita da kanta take taƙaita abin da ke fita. Kada ku taɓa yin sa kai tsaye a kan batir ko adafta, mitar za ta ƙone.

Lokacin caji

Ku saka batura masu lamba ɗaya, waɗanda suka ƙare tare. Ku rubuta lokacin da kuka fara. Da yake wutarmu ba ta da alkawari, duk sanda aka ɗauke ku rubuta, sanda aka kawo ku rubuta, ku riƙa tarawa har awa 15 ta cika. Gidan da ke da batirin sola mai bolt 12 za a iya jona cajar a jikinsa da izinin manya, amma fiyus ɗin ya zama dab da bakin batirin.

Lokaci zuwa lokaci ku taɓa baturan da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan a ƙarshen caji ba laifi ba ne, alama ce ta cewa sun kusa cika. Idan kuwa zafi ya hana ku riƙewa, ku cire nan take. A ajiye caja a inuwa, a kan siminti, nesa da katifa da labule da hannun ƙanne. Zafin Kano na watan Afrilu kan wuce digiri 40, kuma zafi babban maƙiyin kowane irin batir ne.

Awon lafiya: a nan gaskiya take fitowa

Batirin nikel da ya sauka daga caji zai nuna kusan bolt 1.4 a mita. Mai lafiya zai nuna haka, wanda ya kusa mutuwa ma zai iya nuna haka. Tsayin tanki ba ya faɗin yawan ruwan da ke ciki. Sai an buɗe famfo an ƙirga.

Ku bar batirin ya huta awa ɗaya. Ku saka shi shi kaɗai a ƙaramin gidan batir, ku haɗa riziston om 2.2 a bakunansa biyu, ku duba agogo. Riziston zai yi zafi, kada ku riƙe shi. Da dokar Ohm, 1.2 a raba da 2.2 ya ba mu kusan miliamfiya 545. Kowane minti 15 ku auna bolt ku rubuta. Za ku ga abin sha'awa: lambar za ta sauko da sauri zuwa kusan 1.2, ta daɗe a nan kamar ba ta motsi, sannan ta faɗi da gudu. Da zarar ta kai bolt 1.0 ku cire rizisto. Kada ku bari ta wuce ƙasa.

Yanzu ku ninka awannin da aka yi da 545. Batirin 2000 mAh na gaskiya zai kai kusan awa uku da rabi. Wanda ya faɗi cikin awa ɗaya, abin da ke cikinsa bai wuce 550 ba, ko da an rubuta 3000 da manyan haruffa a jikinsa. Ku zana jadawalin a takardar giraf, bolt a tsaye, lokaci a kwance. Gani ya kori ji.

Kada ku yanke hukunci a zagaye na farko. Batirin da ya daɗe a aljihun tebur, ko wanda aka saba yi wa guntun caji, yakan nuna rauni da farko. Ku sake cika shi, ku sake sauke shi zuwa 1.0, har sau uku. Wannan shi ne motsa jinin batir. Idan lambar tana hawa a kowane zagaye, yana farfaɗowa. Idan ta tsaya ƙasa da rabin abin da aka rubuta, kwanansa ya ƙare ko kuma jabu ne. Ba kullum ake yin wannan ba, sau ɗaya cikin wata biyu ko uku ya isa, don kowane zagaye yana rage masa kwana kaɗan.

Me ya sa muka ce ɗaya bayan ɗaya? Idan aka sauke huɗu a jere, mafi rauni zai riga ƙarewa, sauran ukun su ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye, su lalata shi. Haka ke faruwa a cikin rediyo idan aka gauraya tsoho da sabo. Bayan awo, ku rubuta lambar kowanne a ɗan salatif ku manna masa, ku riƙa haɗa masu ƙarfi ɗaya.

Abubuwa huɗu da ba a yi

Na ɗaya, kada a saka batirin litiyam a wannan caja. Litiyam yana da iyaka, bolt 4.2, kuma cajarmu ba ta san tsayawa ba. Wuce iyakar nan kan jawo kumburi da gobara. Batirin waya da ya kumbura ba a matsa shi, ba a huda shi.

Na biyu, batirin tocila na yau da kullum ba a yi shi don caji ba. Zai iya fashewa ko ya zubar da sinadari. Cizonsa da haƙori da wasu yara ke yi don ya ƙara aiki shan guba ne.

Na uku, batirin dalma ba ya son irin motsa jinin da muka yi wa na nikel. Shi akasin haka yake: idan aka bar shi a ƙarare, wani farin gishiri yana kama farantan cikinsa ya taurare, ya daina karɓar caji. Wannan ne ajalin fitilu da yawa. A yi amfani da fitila har ta yi ja, a ajiye ta mako biyu babu caji, shi ke nan. Dokarsa ita ce a cika shi da wuri bayan an yi amfani da shi. Babban batirin mota ko na inbata kuwa yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta lokacin caji, don haka aikin manya ne, a wuri mai iska.

Na huɗu, kada a buɗe fitilar caji tana jone a bango. Da yawa daga cikin masu arha ba su da abin da ya raba cikinsu da wutar bolt 230.

Idan ya mutu da gaske fa?

Nan ma akwai aiki a kanmu. Batirin dalma yana da kuɗi a wajen 'yan gwangwan, shi ya sa wasu ke fasa shi a tsakar gida, su zubar da ruwan a kwata, su narka dalmar a kan gawayi. Ruwan batir yana ƙona fata yana makantarwa. Ƙurar dalma kuwa tana shiga jinin yara ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan jihar Zamfara. A can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. NiCd ma yana ɗauke da kadmiyam, wata gubar ta daban.

Mutanen da ke zaune a gefen kogin Challawa da rafin Jakara sun daɗe suna kokawa da gurɓataccen ruwan da ke fitowa daga masana'antu. Bai kamata mu ƙara musu da namu ba. Mataccen batir a ajiye shi a rufe yadda yake, a cikin roba mai murfi, nesa da yara da abinci. Babba a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho a ba da sabo. Kada a fasa, kada a ƙona. Duk batirin da kuka tsawaita wa kwana kuwa, guba ɗaya ce ta ragu a bola. Bayan kowane aiki da dalmar like, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Aikin gida

1. Batir mai 1000 mAh, miliamfiya nawa ya kamata ya sha? Wane rizisto za ku saka wa LM317 a madadin om 6.8?
2. Wani batir ya yi awa 2 da minti 30 kafin ya kai bolt 1.0 a kan riziston om 2.2. Nawa ne ainihin abin da ke cikinsa?
3. Me zai faru idan aka juya dayod?

Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi karo-karo, caja ɗaya ta ishi aji guda. 'Yan mata, wannan aiki ba ƙarfin damtse yake nema ba, lissafi da natsuwa ne, kada ku bar wa maza mita. Ku auna batura goma na gidajenku, ku rubuta abin da ke jikinsu da abin da kuka samu, ku aiko mana ta hannun malaminku tare da sunan makarantarku. Za mu buga jadawalin da ya fi tsari. Waɗanda makarantarsu ke kusa da Sharaɗa, Challawa ko Bompai su roƙi malaminsu ya nema musu izinin ziyarar ɗakin janareta na wata masana'anta, su je da littafin rubutu, su tambayi ma'aikacin lantarki yadda yake gane batir ya kusa gazawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki batirin litiyam da ƙaramin allon da ke tsayar da cajinsa a bolt 4.2. Mu kwana lafiya.